GASAR UKU-A-JERE: CIWON DA A KE DAUREWA DA WANDA BA A DAUREWA

Jama'a, a cikin wasannin motsa jiki na duniya akwai wata gasa wadda ko jin labarinta ma kan sa mutum ya ji gajiya. Turawa suna ce mata tirayatalon, watau wasanni uku a jere. Mutum zai fara da iyo a cikin teku ko tafki, yana fitowa jikinsa na ɗigar ruwa ya haye keke, yana sauka daga keke kuma ya kama gudu da ƙafa. Babu hutu a tsakani domin agogo ba ya tsayawa. Har lokacin da ɗan wasa ya ɓata wajen sake takalmi, a cikin lissafi ya ke.

To, jikin da a ke wa irin wannan aiki tilas wata rana ya yi ƙara. Da wuya ka sami zakara a wannan gasa wanda bai taɓa zama gaban likita ba, ranar gasa ta ƙarato, yana tambaya: in shiga ko in haƙura? Jaridu sun fi son labarin wanda ya shiga da rauni ya ci, domin shi ya fi daɗin ji. Amma in aka bi labaran da kyau za a ga taurin zuciya kaɗai bai taɓa isar kowa ba. Waɗanda suka tsira da lafiyarsu su ne waɗanda suka san irin ciwon da ke jikinsu tun kafin su yanke shawara.

ASALIN GASAR

An yi gasar farko irin ta zamani ran 25 ga Satumba, 1974, a birnin San Diyego na Amurka, mutum 46 suka shiga. Bayan shekara uku da 'yan watanni, ran 18 ga Fabrairu, 1978, wani hafsan sojan ruwan Amurka mai suna John Collins da matarsa Judy suka shirya wata mai tsawon gaske a tsibiran Hawai. Ita ce a ke kira Ironman, watau mutumin ƙarfe. Mutum 15 suka fara, 12 suka gama, wanda ya zo na ɗaya kuwa, Gordon Haller, sai da ya shafe awa 11 da minti 46. A 1981 aka mai da ita garin Kona, can ne sunanta ya cika duniya.

Ga yadda tsawonta ya ke. Iyo kilomita 3.8, daidai da mutum ya ratsa tafkin iyo mai mita 50 har sau 76. Keke kilomita 180, watau ka tashi daga Ikko ka kai Badun, ka ƙara wajen kilomita 50 a gaba. Sa'an nan gudun fanfalaki kilomita 42, daidai da na birnin Ikko wanda aka fara a 2016. Duk a rana ɗaya, wanda kuwa ya wuce awa 17 bai gama ba, an rufe ƙofa.

Akwai kuma gajeriya, wadda aka shigar cikin wasannin Olamfik a Sidni a shekarar 2000: iyo kilomita ɗaya da rabi, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Gajeriya ce a baki, amma da ya ke da iyakar ƙarfi a ke yin ta tun daga farko har ƙarshe, ba ta fi babbar sauƙi ga jiki ba.

INDA CIWO KE SHIGOWA

Raunin 'yan wannan gasa iri biyu ne. Na farko shi ne na haɗari, yawanci a kan keke: mutum ya faɗi a kwana, ko mota ta kaɗe shi a wajen horo. Wannan kowa na ganinsa, ga jini, ga karaya.

Na biyu shi ne mai sanɗa, wanda yawan maimaita abu ɗaya ke kawowa. Iyo yana cin kafaɗa. Keke yana taɓa gwiwa da ƙugu da wuya, saboda daɗewa a sunkuye. Amma gudu ya fi su ɓarna, domin duk takun da mai gudu ya yi, ƙafarsa na karɓar nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na jikinsa. A nan ne agara, watau babbar jijiyar da ke bayan diddige, kan kumbura ko ta yage. A nan ne kuma a ke samun tsagewar ƙashi ta gajiya.

Wannan tsagewa tana bukatar bayani. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo. Idan dukan da ƙashin ke sha ya fi ƙarfin gyaran da jiki ke yi, sai ya fara tsagewa siririya kamar gashi, ba tare da mutum ya faɗi ko ya buge ba. Ƙarancin abinci da ƙarancin hutu da ƙara yawan gudu farat ɗaya duk suna jawo ta. Sau da yawa hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta da farko, sai an shiga babbar na'urar hoton jiki mai aiki da maganaɗisu. In aka ci gaba da gudu a kanta, musamman ta wuyan ƙashin cinya, tana iya zama cikakkiyar karaya wadda sai an yi aiki an sa ƙarfe.

WADDA TA CI DA RAUNI

Labarin da aka fi yawan bayarwa shi ne na Chrissie Wellington, 'yar Ingila. Ta ci gasar Kona a 2007 da 2008 da 2009. A 2011, saura mako biyu gasa, ta faɗi a kan keke wajen horo a garin Bolda na jihar Kolorado. Kwalta ta saɓule mata fata a ƙafar hagu da kwatangwalo da gwiwar hannu, daga baya ƙafar ta kumbura, miki ya ɗauki ruwa. Da ta isa Kona ta gwada iyo, sai ciwon ƙirji ya kai ta asibiti. Likitoci suka bincika, suka ce tsokar ƙirji ce ta yage.

Ran 8 ga Oktoba ta shiga ruwa. Iyon da ta saba yi cikin minti hamsin da 'yan kai, ran nan sai da ya ci mata awa guda da minti ɗaya. Ta sauka daga keke tana bayan Julie Dibens, wadda ke kan gaba, da fiye da minti 20. A gudu ne ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana wucewa, har ta gama cikin awa 8 da minti 55 da daƙiƙa 8. Mirinda Carfrae ta Ostareliya na biye da ita, tazarar ba ta kai minti uku ba.

Abin yabo ne, babu shakka. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, rauninta na fata ne da tsoka, an duba an tabbata babu karaya. Irin wannan ciwo yana da zafi ƙwarai, amma gudu a kansa ba ya gurgunta mutum. Na biyu, ita wannan Wellington ɗin ce a 2010 ta janye da safiyar ranar gasa saboda rashin lafiya, alhali kuwa kambin yana hannunta. Ashe ta san ranar daurewa, ta kuma san ranar haƙura. Dibens ma da ciwon ƙafa ta shiga gasar 2011, ita kam ba ta ƙarasa gudun ba. Wellington ba ta sake shiga Ironman ba bayan wannan rana. Ta bar fage ta yi tseren wannan tsawo sau 13, ba a taɓa kada ta ba.

WADDA TA SHIGA TA YI KUKA

Ga kuma ɗaya gefen. Paula Findlay, 'yar Kanada, ta ci manyan gasannin duniya guda biyar tsakanin 2010 da 2011, tana da shekara ashirin da 'yan kai. Mutanen ƙasarta suka sa rai lambar zinariya ta Olamfik ɗin Landan tasu ce. Sai ciwon kwatangwalo ya kama ta a 2011, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta shafe watanni ba gasa, ba cikakken horon gudu.

Duk da haka ta shiga, ran 4 ga Agusta, 2012. Mata 52 suka gama, ita ce ta 52, kimanin minti 12 bayan Nicola Spirig ta Suwizalan wadda ta ci. Ta ƙetare layi tana kuka, tana neman gafarar mutanen Kanada. Ba da daɗewa ba gwajin jini ya nuna har da ƙarancin jini a jikinta, abin da shi kaɗai ya isa ya kashe wa mai gudu ƙafa.

Ba wanda zai ce Findlay ba ta da zuciya, domin mai raunin zuciya da tuni ya zauna a bakin hanya. Abin da ta rasa shi ne jiki mai lafiya da cikakken sanin abin da ke damunta. Sai da ta yi shekaru tana fama kafin ta dawo, ta koma tsere mai matsakaicin tsawo, ta ci babbar gasa a Detona ta Amurka cikin Disamba 2020. Shekara takwas ke nan bayan ranar kukan.

TAFKI A BAYAN GIDA

A wannan Olamfik ɗin dai, wani ɗan Ingila ya nuna wata hanyar. Alistair Brownlee, mutumin yankin Yokshaya, ya sami yagewar agara a farkon 2012, saura wata shida gasa. Aka sa masa babban takalmin nan mai riƙe ƙafa, aka hana shi gudu.

A nan ne wannan gasa ta fi sauran wasannin gudu daɗi ga mai jinya. Da ya ke wasa uku ce, in ɗaya ya gagara, akwai biyu. Mai ciwon ƙafa yana iya iyo, sau da yawa yana iya hawan keke, saboda haka zuciya da huhu ba sa yin sanyi. Brownlee ya ƙara da wata dabara: ya sa aka kafa masa ɗan tafki a filin gidansa, da injin gudu a ƙarƙashin ruwa. Idan ruwa ya kai wa mutum ƙirji yakan ɗauke fiye da rabin nauyin jikinsa, sai ƙafa ta yi motsin gudu ba tare da ta sha duka ba.

Da jijiyar ta haɗe, ya koma gudu a ƙasa sannu a hankali. Cikin watan Yuni ya ci gasa a Ostiriya, watau gwaji ke nan. Ran 7 ga Agusta ya ci zinariya a Landan cikin awa 1 da minti 46 da daƙiƙa 25, kilomita goman ƙarshe kuwa ya yi su cikin minti 29 da daƙiƙa 7. Ƙanensa Jonathan ya zo na uku. Masu cewa ya ci da rauni sun yi kuskure, domin sai da ya warke tukuna. Abin da ya yi shi ne ya hana jinya ta cinye masa ƙarfi.

Ya sake cin zinariya a Riyo ta Barazil a 2016, amma jiki ya karɓi bashinsa. An yi masa aiki a idon sawu a 2015, aka yi masa a kwatangwalo a 2017, ciwon idon sawu kuma ya dame shi a 2021 har bai sami zuwa Olamfik ɗin Tokiyo ba. Ya yi ritaya cikin Nuwamba 2024.

JA DA BAYA GA RAGO

Jan Frodeno, Bajamushe, ya ci zinariya a Olamfik ɗin Bejin a 2008, ya ci Kona a 2015 da 2016. A farkon Satumba 2018 ya ci gasar duniya ta rabin Ironman a Afirka ta Kudu, ya kada Brownlee da Javier Gomez na Sifen. Kowa ya ce Kona ta bana tasa ce. Bayan 'yan kwanaki hoto ya nuna tsagewar gajiya a ƙashin ƙugunsa, saura wata guda gasa.

Mutumin da ke ganiyar ƙarfinsa, shekarunsa 37, bai san ko zai sake samun irin wannan dama ba. Da ya so, da ya sha magani ya shiga. Sai ya sanar ya janye. Ya zauna yana kallo wani Bajamushe, Patrick Lange, ya ci ya kafa sabon tarihi.

Da shekara ta zagayo, cikin Oktoba 2019, Frodeno ya dawo Kona yana da shekara 38, ya ci cikin awa 7 da minti 51 da daƙiƙa 13. A lokacin ba wanda ya taɓa yin wannan sauri a can. Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Gasa ɗaya ya bari, ya sami ƙashinsa ya haɗe sarai.

KUSOSHI HUƊU A KAI

Wanda ya fi kowa shan wuya a cikinsu shi ne Tim Don na Ingila. Cikin Mayu 2017 ya gama Ironman ta Barazil cikin awa 7 da minti 40 da daƙiƙa 23, lokacin da ba a taɓa yi ba a gasannin Ironman kafin nan. Cikin Oktoba, saura kwana uku gasar Kona, mota ta kaɗe shi yana kan keke. Ƙashi na biyu na wuyansa ya karye.

Batun shiga gasa kam bai ma taso ba. Shawarar da ke gabansa ita ce ta yadda za a yi ɗorin. Ana iya yi masa aiki a haɗe ƙasusuwan wuyan da ƙarfe, ya huta da wuri, amma wuyan ba zai ƙara juyawa sosai ba, mai iyo kuwa tilas ya riƙa juya kai yana shaƙar iska. Ko kuwa a sa masa wani kewayen ƙarfe a kai, kamar gammo, a ɗaure shi da kusoshi huɗu a ƙoƙon kai, a haɗa da sanduna zuwa wata riga mai tauri a ƙirji, ta yadda wuyan ba zai motsa ba ko kaɗan har ƙashin ya haɗe da kansa. Wannan ya fi azaba, amma shi ke ba da damar komawa yadda a ke da.

Ya zaɓi na biyun. Mako 12 ya yi da ƙarfen a kansa, da farko ko kwanciya ba ya iyawa, a zaune a kujera ya ke barci. Ran 16 ga Afrilu, 2018, wata shida bayan haɗarin, ya yi gudun fanfalaki na Boston cikin sanyi da ruwan sama, ya gama cikin awa 2 da minti 49 da daƙiƙa 42. Cikin Oktoba ya koma Kona. Bai ci ba, amma ya gama. Juriyar da Don ya nuna, a ɗakin jinya ya nuna ta, wajen bin ka'idar likita mako goma sha biyu cur.

YADDA A KE RARRABEWA

To, ta yaya ɗan wasa zai gane wane ciwo ne wane? Likitocin wasanni suna da alamomin da su ke dubawa.

Tsamin jiki na gajiya yakan bazu a tsoka, yawanci a ƙafafu biyu, yakan lafa in jiki ya ɗau ɗumi, ya kuma tafi cikin kwana biyu ko uku. Wannan ba ya hana horo.

Ciwon da a ke tsoro shi ne wanda mutum zai iya nuna wurinsa da ɗan yatsa guda a kan ƙashi, wanda ke ƙaruwa in ana gudu, ko ya sa ɗingishi, ko ya tashi mutum cikin dare. Haka nan kumburin gaɓa, da ƙafa ko hannu ya riƙa mutuwa, da ciwon mahaɗar cinya mai zurfi. Mai irin waɗannan ya tsaya, ya nemi a duba shi. Tsagewar gajiya in an kama ta da wuri, hutun mako shida zuwa takwas kan isa a mafi yawan wurare. In aka yi taurin kai kuwa, sai ta koma jinyar watanni. Duk wanda kuma ya bugu a kai ko a wuya, ko ya ji ciwon ƙirji da jiri, ba shi da wata gasa a ran nan.

Sai maganar ƙwayoyin kashe zafi, wadda ita ce babbar jarraba. Irin su ibuprofen da diclofenac, in aka sha su aka shiga doguwar gasa cikin rana, jiki na zubar da gumi, suna iya taɓa ƙoda su ƙona ciki. Bugu da ƙari, ciwo ɗan aike ne, shi ke gaya wa mutum wani wuri na lalacewa. Wanda ya toshe bakin ɗan aike bai hana ɓarnar ba, jin labarinta kawai ya daina. Tramadol kuwa, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairu, 2024, domin bayan ɓoye ciwo yana sa jiri da gyangyaɗi, abin da kan jawo haɗari a kan keke.

Wannan magana ta ƙarshe ta shafi duk mai neman abinci da ƙarfin jikinsa, ko da bai taɓa ganin tirayatalon ba. Ɗan dako a kasuwa, da mai tura baro, da mai ga-ruwa, da ɗan acaɓa, su ma kullum gaɓa ɗaya su ke wa aiki ɗaya, kuma jarrabar ɗaya ce: a haɗiyi ƙwaya a fita, domin ranar da ba a fita ba babu na cefane. Zakarun nan da muka ambata suna da likitoci da na'urori da kuɗin jinya, amma duk da haka Frodeno ya ajiye gasar da duniya ta ce tasa ce saboda tsagewar da ido ba ya gani. Ya lissafa ya ga hutun 'yan makonni ya fi araha bisa karayar da za ta zaunar da shi shekara. Wanda ƙafarsa ce jarinsa, shi ya fi kowa bukatar wannan lissafi. In ciwo ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi ya ƙi tafiya, a je asibiti tun ana iya takawa da ƙafa.